Malam Kalilu Mai Usur da Ƙofar da Na Wuce

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu na 2024, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Kalilu Sha'aban Daura, wanda garin nan ya fi sani da Malam Mai Usur, bayan kwana ɗaya a gadon asibiti. Ya rasu yana da shekara sittin da tara. Ya bar 'ya ɗaya, Siddiƙa, wadda ke aure a Katsina, da jikoki huɗu. Ya kuma bar tsofaffi goma sha bakwai a unguwannin Daura, waɗanda ba su haɗa jini da shi ba, amma sun fi kowa sanin cewa an yi rashi.

Malam, yau kwana goma sha shida ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. 'Yan ƙungiyarmu sun ce ni, Mansur, ni ya kamata in rubuta ta'aziyyarka, don na fi su daɗewa da kai, kuma ni ne na ɓalle ƙofar gidanka ranar da ka faɗi. Gaskiya ne na ɓalle ta da hantsi ya yi nisa. Amma akwai abin da ya faru a bakin wannan ƙofar da sassafe, kuma shi ya hana ni sukuni tun ranar. Zan faɗe shi a nan. Sai dai ka bar ni in fara da alherinka, don shi ya fi yawa, kuma shi ya fi cancantar a fara ji.

Ni ɗalibinka ne tun firamare, lokacin da kake koyar da wasanni da usur rataye a wuya. Ka tuna da ni, domin ni ne wanda cikinsa ba ya ciwo sai ranar gudu. Shekara talatin da wani abu bayan haka, ina zaune a kantina na kayan masarufi a kasuwa, na ajiye teɓa har ɗaure igiyar takalmi ya zama mini aiki, sai likita ya auna jinina, ya sake aunawa, ya tambaye ni ko da ƙafata na zo. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Washegari na same ka a ƙofar gida, lokacin ka yi ritaya. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Mansur, cikin ya daina ciwo ke nan?" Ba ka ƙara komai ba, ka ce in zo bayan sallar asuba da takalmin kambas da dogon wando.

Mu biyar muka fara. A garinmu magidanci ba ya gudu sai da dalili, saboda haka mun sha kallo. Rana ta farko, wata mai ƙosai a bakin hanyar Zango ta hango magidanta biyar sun taho a guje, ta bar kaskonta a wuta ta biyo mu tana salati, tana tambaya abin da ya faru a baya. Sai da ka tsaya ka rantse mata cewa lafiya lau, sannan ta koma tana faɗa, ta ce in dai ba aljanu ne suka taɓa mu ba, to ƙoshi ne. Har ka bar duniya, duk lokacin da muka wuce ta sai ka tambaye ta ko yau za ta raka mu.

A shekarar farko gudunmu gudu ne kawai. Abin da ya canza shi rasuwar Baba Audi ce, wani tsohon mai gyaran keke da ke zaune shi kaɗai a wani ɗaki a Tudun Wada. An same shi a ɗakin bayan kwana biyu da cikawa. Kuma a waɗannan kwana biyun mun wuce ta ƙofarsa sau biyu, muna haki, muna lissafin kilomita. Bayan an dawo daga maƙabarta ka tara mu a gindin dalbejiyar da muke haɗuwa. Ban taɓa ganin ka cikin irin wannan ɓacin rai ba. Ka ce ƙafar da za ta iya zaga Daura kafin rana ta fito, amma ba za ta iya tsayawa ta ji ko maƙwabci ya kwana lafiya ba, gara a bar ta a kan tabarma.

Daga ranar kowa ya samu ƙofa. Ka bi masu unguwanni da limamai ka tattara sunayen tsofaffin da ke kwana su kaɗai, ka raba mana su gwargwadon hanyar da kowa ke bi. Doka ɗaya ka kafa: ba a wuce ƙofa sai an ji amsa. Wani daga cikinmu ya tuna maka cewa malamai sun ce in mutum ya yi sallama sau uku ba a amsa ba, ya koma. Ka ce wannan na mai ziyara ne, mu kuwa in mun yi uku ba a amsa ba, sai mu nemo maƙwabci mu shiga tare, in kuma tsohuwa ce, mu tsaya a zaure a kira mata maƙwabciya. Ka kai maganar gaban limamin unguwarku don kada a ce ka yi gaban kanka, ya ce ka yi daidai.

Masu tsokana suka ce ba a haɗa gudu da susar katara. Kai kuwa ka haɗa. Wanda tsohuwarsa ba ta da ruwa, ya ɗauki jarka biyu ya ɗebo, ka ce wannan ya fi ɗaga ƙarfe amfani ga kafaɗa. Wanda tsohonsa maganin suga ya ƙare masa, ya karɓi katin ya biya ta asibiti. Ranar Asabar ba ma gudu mai nisa, sai mu ɗauki shebur mu yashe magudanar ruwa, ko mu yi wa wani yaɓen katanga kafin damina. Daga mu biyar muka zama mu ashirin da shida, da teloli da mahauta da malaman makaranta da 'yan acaba. Jinina ya sauka, teɓata ta zube, kuma na san sunayen mutanen da na shekara arba'in ina wucewa ta gabansu.

Taka ƙofar ita ce ta Baba Hamma, Bafulatani tsohon dillalin shanu wanda idonsa ya tafi, 'ya'yansa kuma suka yi kudu da dabbobi. Shekara bakwai kuna faɗa kullum safiya. Yana jin usur ɗinka zai ɗaga murya daga ciki ya ce, "Ga Kaɗon da ke gudu ba a kore shi ba!" Kai kuma ka ce masa gara kai, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin bayan saniya. Sannan ka shiga ka cika masa buta, ka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ka gaya masa yadda shanu suka yi tsada a Mai'aduwa ranar Lahadi, ya ce ƙarya kake yi. Na taɓa ganin ka durƙushe kana yanke masa farcen ƙafa, yana zagin hannunka wai ya yi nauyi. Da ka ga na gani, ka harare ni, ban kuwa gaya wa kowa ba sai yau.

Shekara biyu da suka wuce Allah Ya yi wa maiɗakinka, Hajiya Asma'u, rasuwa. A daidai lokacin gwiwoyinka suka fara ƙin gudu. Ka daina fitowa da mu da asuba, sai rana ta ɗan ɗaga ka taka a hankali zuwa wajen Baba Hamma. Ka zama tsoho mai kwana shi kaɗai, irin waɗanda ka rubuta sunayensu da hannunka. Da muka ce za mu sa sunanka a takardar, ka yi tsalle ka dire, ka ce ba ka kai nan ba tukuna. Wanzami dai ba ya son jarfa. Siddiƙa ta yi ta roƙon ka ka koma Katsina wajenta, ka ce ka bar wa wa Baba Hamma.

Ranar da za ta koma ɗakinta bayan arba'in ɗin mahaifiyarta, ta same ni a zauren gidanka. Ta ce, "Yaya Mansur, gidan nan a kan hanyarka yake. Ka sa ƙofar Baba cikin naka, ko bai yarda ba. Amana na ba ka." Na ce mata na karɓa. Ka gane dabarar tun rana ta biyu, amma ka yi kamar ba ka gane ba. Sai muka samu tamu hanyar: in na iso in yi sallama, kai kuma daga tsakar gida ka busa usur sau ɗaya, kamar kana sallamar ɗan tsere. Ta haka ba ka zama tsohon da ake dubawa ba, ka ci gaba da zama malamin da ke kula da ɗalibi. Shekara biyu muna haka, ban yi fashi ba.

To, Malam, ga abin da ya faru.

A farkon bana na sa wa raina shiga wata gasar gudun kilomita goma da za a yi a Katsina. Ni da likita ya tambaya ko da ƙafata na zo, ina so in gama kilomita goma cikin ƙasa da awa ɗaya. Na sayi agogon hannu mai ƙirga tafiya da lokaci. Da ka gan shi ka yi dariya ka ce in yi hankali, abin da ke ƙirga minti ba ya ƙirga mutane. Na ɗauka tsokana ce irin taka. Na shirya da wani ɗan ƙungiya ya karɓar mini ƙofofina biyu ranar Litinin da Alhamis don in yi gudun gwaji ba tsayawa. Taka ce kawai ban ba kowa ba, don ba ta cikin takarda, kuma ba ta cin lokaci. Sallama ce da usur, ko tsayawa ba sai na yi ba.

Ranar Litinin, 13 ga wata, na iso ƙofarka wajen ƙarfe shida. Jikina ya yi mini daɗi a ranar fiye da kullum. Na yi sallama ina cikin gudu. Ban ji usur ba. Ƙafata ta rage sauri da kanta, don ta saba, har na ɗan waiwaya na ga ƙofar a rufe. Sai na dubi agogo, na ga ban taɓa isowa wurin da wuri haka ba. A take zuciyata ta kawo mini uzuri iri-iri: wataƙila ka tsaya lazimi a masallaci, wataƙila ka tafi duba sharar gonarka ta hanyar Zango, wataƙila kana bayan gida. Na ce in na dawo zan biyo. Ban yi sallama ta biyu ba, balle ta uku. Na wuce. Na gama a minti hamsin da takwas, na yi murna kamar an yi mini albishir da kujerar Makka, na tafi gida ta wata hanya na yi wanka na buɗe kanti. Wallahi ban sake tuna ƙofarka ba.

Wajen sha ɗaya da rabi ɗan acaba ya tsaya a gaban kantina, Baba Hamma ya sauko yana laluben ƙasa da sanda. Mutumin da ya shekara uku bai taka kasuwa ba. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Mansur, Kaɗona bai zo ba. Bai taɓa ƙin zuwa bai aiko ba." Makaho ne ya lura, Malam, mu masu ido da ƙafa ashirin da shida muna can muna harkokinmu. Mun zama inuwar giginya.

Na kira maƙwabcinka muka ɓalle ƙofar. Muka same ka kwance a tsakar gida kusa da randa, rana ta bazara a kanka, butar alwala ta kife a gefe, ƙasar wurin har ta bushe. Gefen jikinka na dama ya mutu, bakinka ya karkace. Idonka biyu. Usur ɗin yana wuyanka, kuma hannunka na hagu yana riƙe da shi a kan ƙirjinka. Butar nan ta gaya mini abin da ba na son sani: tun alwalar asuba ka faɗi. Kana kwance a wurin lokacin da na yi sallama, taku goma tsakanina da kai.

A asibiti na ja likitan gefe na tambaye shi, da an kawo ka da wuri fa? Ya ce rai na Allah ne, amma a irin wannan ciwo awoyin farko su ne ake kokawa da su. Bai san dalilin tambayata ba. Na zauna a gefen gadonka har Siddiƙa ta iso da la'asar. Kana kallona, ba ka iya magana. Na yi ta neman abin da ke cikin idon nan, ko fushi ne, ko yafiya, ko kuwa ba ka ma ji sallamata ba. Har yau ban sani ba, kuma babu wanda zai gaya mini a duniyar nan. Na san ajali ba ya jira, ba ya kuma gaggawa. Na yi imani da ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mutum nauyin amanar da ya ce ya karɓa.

An yi maka jana'iza irin wadda ake yi wa masu sarauta, kai da ba ka da ko keke mai kyau. An kawo tsofaffinka a kan babura da amalanke. Mai ƙosan nan ta aiko da ƙwarya guda wajen zaman makoki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yabon da aka yi ta yi mini. Duk wanda ya zo gaisuwa sai a nuna ni a ce ga wanda ya same shi, ga ɗalibin kirki. Siddiƙa ta aiko a kira ni zaure, ta ce, "Yaya Mansur, ka riƙe amana, Allah Ya saka maka." Na sunkuyar da kai na ce amin. Kwana bakwai ina karɓar godiyar da ba tawa ba.

Ranar da za ta koma Katsina na ce ina son magana da ita. A zauren nan dai da ta ba ni amanar, mijinta yana waje yana jira a mota, na gaya mata komai, ban rage ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta tambaye ni, a hankali, "Minti nawa ka yi?"

Na ce hamsin da takwas.

Ta gyaɗa kai, ta goge ido da gefen mayafi. Ta ce, "Na san kwanan Baba ne ya ƙare. Amma awa biyar a rana, Yaya Mansur. Ka bar ni tukuna." Ta shiga mota suka tafi. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan.

A ranar na gaya wa 'yan ƙungiya a gindin dalbejiya. Wasu suka ce ƙaddara ce in daina azabtar da kaina, wasu suka yi shiru, shirun kuwa ya fi mini kama da gaskiya. Na ce musu in ba su yarda da ni ba, su karɓe ƙofofina. Ba su karɓa ba, sai ma suka ƙara mini wadda kake dubawa, ta Baba Hamma. Na cire agogon na sa a aljihun tebur, gasar Katsina kuma an yi ta ba da ni ba.

Washegari na je ƙofar Baba Hamma. Labari ya riga ni isa, don a Daura magana ba ta buƙatar kambas. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Na yi ta uku, ba amsa. Na ruga na bugo wa maƙwabcinsa ƙofa, muka tura muka shiga. Sai ga shi zaune daram a kan buzunsa, da carbi a hannu, ya juyo da fuskarsa wajenmu. Ya ce, "Ina jin ka tun ta farko. So nake in ji ko za ka tsaya." Na ɗauki butarsa na je cikowa, a bakin randar na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Da na dawo ya ce ruwan ya yi kaɗan, Kaɗonsa ya fi ni iya cika buta.

Malam, gudun bai tsaya ba. Mun sa sunan duk ɗan ƙungiyar da ke kwana shi kaɗai a takarda, ko ya so ko bai so ba. Baba Hamma yana nan, yana faɗa, sai dai ya rame, kuma wani lokaci in ya ji yara suna busa usur a filin ƙwallo sai ya yi shiru ya karkata kunne.

Ya Allah, ga bawanKa Kalilu ɗan Sha'aban ya zo gare Ka. Ya shekara bakwai yana tsayawa a ƙofofin waɗanda ba su da kowa, kada Ka bar shi tsaye a taKa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sa awoyin da ya yi a rana su zama kaffara, su zama sanadin inuwa a ranar da babu inuwa sai taKa. Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da Hajiya Asma'u a Aljannar Firdausi. Ka jiƙan Baba Audi da duk musulmin da suka riga mu. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, kuma a kusa da mutane.

Ina miƙa ta'aziyyata ga jikokinsa, da 'yan'uwansa na Daura da Zango, da Baba Hamma da sauran tsofaffinsa, da dukan 'yan gudun asuba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ke kuma Siddiƙa, Allah Ya ba ki dangana, Ya raya miki zuri'a, Ya sa albarkar mahaifinki ta bi ki. Ban rubuta wannan don in matsa miki ba, kin ce in bar ki tukuna, kuma na ji. Na dai yi sallama a ƙofarki ban ji amsa ba. Mahaifinki ya koya mini abin da ake yi in haka ta faru, na saɓa masa sau ɗaya. Ina nan tsaye, ko shekara nawa za a yi.

Mansur Ya'u, Daura